Makankarin Iya

Ranar Alhamis ta farko a watan Rajab, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na tsaya a bakin teku can gaba da Yanbu da takalmina a hannu, wani mutum da ban taɓa gani ba ya miƙo mini abin da na ɗauka dutse ne. A lokacin Alhamis da Juma'a ne hutun mako. Tun bayan sallar asuba muka baro Madina, ni da Baba kawai, muka yi ta ratsa baƙaƙen duwatsu har na gaji da tambayar ko mun kusa. Mutumin baƙi ne siriri, hannunsa duk tabon yanka. Ya cusa wata 'yar guntuwar wuƙa a gindin dutsen ya murɗa, sai ga shi ya rabu biyu, ga wani nama fari-fari kwance cikin ruwa. Ya matsa lemun tsami a kai, na ga gefen naman ya motsa. Wallahi da idona na gani. Na ja da baya na riƙe rigar Baba, shi kuwa sai dariya yake yi yana cewa in yi bisimilla in kurɓe. Na rufe ido na kurɓe. Gishiri da sanyi suka wuce maƙogwarona, na daɗe tsaye ina jira in ji ko abin zai yi motsi a cikina.

Larabawa mahar suke ce masa, mu kuma kawa. Baba mai haɗa magani ne a wani asibiti a Madina, kuma Allah ya yi shi da son ɗanɗana abin da bai sani ba. Wani abokin aikinsa ɗan Filifin ne ya ba shi labarin wannan gona ta cikin ruwa, tun daga ranar bai sake barinmu mun huta ba. Umma ta ce ita ba za ta yi tafiyar awa uku don ta kalli katantanwa ba, ƙanena Mu'az kuma mota na sa shi amai, shi ya sa aka tafi da ni. Na yi zaton zan ga kunya-kunya da shuka, irin gonakin dabinon Awali inda muke zuwa sayen ɗanyen dabino. Ina! Igiyoyi ne dogaye a shimfiɗe bisa ruwa, da jarkoki suna yawo, a ƙarƙashinsu an rataye kwanduna. Mutane biyu cikin ƙaramin kwalekwale suna jawo kwandunan suna girgizawa suna mayarwa. A bakin gaɓa akwai rumfa da tebur na ƙarfe da tiyo, ko'ina ƙarni, ga tsuntsaye farare suna ta ihu a kanmu.

Baba ya sayi cikin kula guda, ya koma mota ɗauko ƙanƙarar da muka taho da ita. A wannan ɗan tsakanin ne mutumin ya tsugunna daidai tsayina, ya zaro guda ɗaya da bakinta ke buɗe kaɗan, ya ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa. Ta rufe ruf. Ya laluba ya zaro wata, ya ƙwanƙwasa, ba ta motsa ba. Ya wurga ta can bayan rumfa, ya goge hannunsa a riga. Da Larabci ya ce mini, “Ya binti, hanyarku da nisa, ga zafi. In kun isa ku duba su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta rufe, ku ci. Wadda ta ƙi rufewa ta mutu, ko mage kada ku ba. In tsoho ko marar lafiya ya ci, tana iya kai shi kabari. Ki gaya wa babanki.” Na ce to, Ammi, wato Baffa. Sai ga wata ƙaguwa ta fito daga rami da gudu, na bi ta, Baba ya dawo da ƙanƙara, aka yi sallama. Muna hawa titi barci ya kwashe ni, ban farka ba sai a ƙofar gidanmu, kuma saƙon nan bai bi ta kaina ba ko kaɗan.

Gidanmu a unguwar Aziziyya yake, hawa na biyu, a saman wani kanti. Rufin bene namu ne mu kaɗai, nan ake shanya, nan muke da murhun gawayi, nan nake share ƙasa duk yamma kafin a shimfiɗa tabarma. Aikina na safe kuwa sayo burodin tamis wajen Ba'afgane kafin motar makaranta ta zo. A shekarar ne Baba ya kawo mahaifiyarsa daga Yawuri ta yi Umra ta zauna mana wata uku. Iya muke ce mata. Gajeriya ce mai kaifin harshe, tana da ciwon sukari, tana ɓoye dabino a bakin zane tana ci in Baba ba ya nan. Da yake Baba ɗan farinta ne ba ta faɗin sunansa, sai dai “wannan” ko “ɗan nan”. Ni kuwa “Balarabiyar gidan nan” take ce mini, don in ta yi mini magana da Hausa sai in manta in amsa da Larabci. Ita ta koya mini 'yar carafke da ƙwallayen dabino, kullum ta cinye ni ta ce hannuna hannun masu cin shinkafa da cokali ne. Ina son ta ƙwarai, ina kuma shakkar ta.

Kwana uku kafin tafiyar nan na yi wani laifi. Wasu mata suka zo daga unguwar Khalidiyya gaishe ta, jikokin mutanenmu ne da suka zo aikin hajji tun da daɗewa suka zauna. Iya ta ce ita za ta zuba musu gahawa da hannunta, ta cika musu finjali fal har yana zuba, irin karamcin gida. Ni kuma sarkin sani, na ɗaga murya a gabansu na ce, “Iya, ba a cikawa, korar baƙo ke nan.” Matan suka yi murmushi suka ce ba komai. Iya ta ajiye butar a hankali, ta tashi ta shiga ɗaki, ranar ko abinci ba ta ci ba. Da Baba ya dawo ya ji, ya kira ni. Bai taɓa dukana ba, ranar ma bai doke ni ba, amma ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ya ce, “Uwata ce. In ta yi abu, ko kin ga ba daidai ba ne, ki kama bakinki. Yaro ba ya gyara wa babba. Kada in sake ji.” Na yi kuka har na shiɗe, na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara ba.

To, muka hau da kular nan rufin bene bayan la'asar. Ƙanƙarar duk ta narke ta zama ruwa. Iya ta leƙa ta tafa hannu ta ce, “Kai! Wannan ai makankari ne! Da shi muke kankare ƙanzo a tukunya. Ɗan nan, yini guda ka yi a hanya don ka sayo abin kankarar tukunya?” Da Baba ya buɗe ɗaya ya matsa lemo ta ga ya motsa, sai ta ja tsaki ta koma can ƙarshen tabarma. Ta ce ita ba ta haɗiye abu da ransa. Umma ta ce to a gasa mata, Iya ta ce a'uzubillahi, a jefa mai rai a wuta? Ta rantse ko ɗaya ba zai shiga bakinta ba, a kawo mata shayinta da burodi. Baba ya ci gaba da fama da wuƙar kicin, yana ɗaukar na sama-sama, ya ci ɗanye, ya gasa wa Umma. Can wuƙar ta zame ta yanke shi a tafin hannu. Umma ta sauka da shi ƙasa ta ɗaure masa, Mu'az ya bi su yana ihun ya ga jini, daga nan aka kira magariba Baba ya wuce masallaci.

Ya rage daga ni sai Iya, ga garwashi yana ci. Ƙamshin waɗanda aka gasa ya cika wurin. Ta ɗan jima tana kaɗa cokali a kofi, sannan ta jawo kular gabanta, ta naɗe hannun riga, ta laluba can ƙasa cikin ruwan. Ta zaro ɗaya mai buɗaɗɗen baki ta ƙwanƙwasa da cokalin shayi. Ta rufe. Iya ta ce, “Wannan da ranta,” ta mayar. Ta zaro wata ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta ce, “Yawwa. Wannan Allah ya riga ya karɓi abinsa.” Ta ajiye a gefe. A lokacin ne muryar mutumin nan ta dawo mini gaba ɗaya, har da yadda ya goge hannu a riga. Iya ta ci gaba da zaɓe tana yi mini karatu, wai tun suna yara malaminsu ya koya musu mushen ruwa halal ne, ba ya bukatar yanka, don haka ita waɗanda suka mutu da kansu za ta ci, babu alhakin kowa a kanta. Ta tara guda huɗu. Ta ɗora su a gefen garwashi suka ɗan ji ɗumi kawai, ta barbaɗa yajinta da ta zo da shi daga gida.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Amma sai na ga butar gahawar nan tana sauka a hankali, na ga idon Baba, na tuna kuma cewa ni aka ba saƙo na yi barci a kansa. Na ce a raina wataƙila mutumin tsoratar da ni kawai ya yi, wataƙila wuta ta kashe ko mene ne, wataƙila huɗu ba su da yawa. Ina zaune ina kallo ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, ta lashe yatsa ta ce ashe ɗan nan bai yi wahalar banza ba. Ta wanke ɓawon guda huɗu a bokiti ta ƙulle a bakin zane, ta ce na kankarar tukunyarta ne in ta koma. Sannan ta kama kunnena da wasa ta ce, “Balarabiya, in kika gaya wa ubanki na ci, ya yi mini dariya, ni da ke ne.” Na ce ba zan faɗa ba. Da Baba ya dawo, hannu a naɗe, ya ce ya haƙura, aka zubar da sauran.

Washegari Juma'a na riga kowa tashi na leƙa ɗakin Iya. Tana zaune tana lazimi lafiya lau, har ta harare ni ta ce me nake nema. Na ji kamar an sauke mini dutse. Amma da hantsi, muna 'yar carafke, ƙwallayen suka zube daga hannunta. Ta ce sanyi take ji, a kashe na'urar sanyaya ɗaki. Kafin a tafi masallaci ta fara amai, kafin a sauko ta yi bayan gida ya fi sau biyar, jikinta zafi rau, haƙoranta suna haɗuwa. Umma ta lulluɓe ta da bargo biyu. Ni aka sa ina kai roba ina zubarwa ina wankewa, har sau ɗaya na zubar a kan kafet. Da la'asar Iya ta daina gane mu, tana kiran sunayen mutanen Yawuri da suka daɗe da rasuwa. Baba ya ɗauke ta kamar yarinya ya sauka da ita matakala, ɗankwalinta ya faɗi a tsakiyar hanya, ni na tsince shi.

Likitan da ya karɓe ta abokin Baba ne, mutumin Sakkwato, yana zuwa gidanmu cin tuwo. Da Baba ya dawo ɗaukar filas na ji yana ba Umma labari a kicin. Ya ce likita ya tambayi abin da ta ci, ya gaya masa shayi da burodi, ya ce har maganar kawar ta taso, shi kuma ya tabbatar masa ko taɓawa ba ta yi ba, a gabansu ta rantse. Don haka suna zargin sukari ne da zafi, ko wani ciwo a mafitsara, sun ɗebi jini amma sakamako sai bayan kwana biyu. Ina tsaye a bayan ƙofa da ɗankwalin Iya a hannu. Taku uku ne tsakanina da shi. Na kasa. Yanzu laifin ya zama uku, na manta saƙo, na yi shiru tana ci, na yi shiru tana amai, kuma duk awar da ta wuce sai faɗin ya ƙara yi mini nauyi.

Asabar na tafi makaranta don ba wanda ya ce in zauna. Ban san abin da aka koyar ba. A filin wasa ƙawayena suna tsallen igiya, na zauna a gindin bango da burodina ban ci ba. Duk yaron da ya tashi a Madina ya san abu ɗaya: a Harami, kusan bayan kowace salla sai an yi shelar sallar gawa, sannan a ɗauki makara a nufi maƙabartar Baƙi'a da sauri. Da can ko a jikina, wani lokaci ma ni da Mu'az mukan ƙirga su. Ranar kuwa, a motar makaranta direba ya kunna rediyo ana sallar azahar, aka sallame, na ji muryar nan ta tashi. Na toshe kunnuwana da hannu biyu na sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi, yarinyar da ke kusa da ni ta yi ta tambayata ko cikina ke ciwo.

Na shiga gida na tarar da Baba durƙushe gaban akwatin Iya, Umma tsaye a kansa tana share ido. Na ji yana cewa ƙafafun Iya sun kumbura, wasu baƙaƙen ƙuraje masu ruwa sun fito, jininta yana ta sauka, maganin da ake ba ta ba ya kamawa. Ya ce ta ɗan farfaɗo da safe, abu ɗaya kawai ta roƙa. Ya ɗaga zannuwanta, ya ɗaga ƙullin yaji, ya zaro farin yadi a ninke. Na san shi. Likkafaninta ne, ni na riƙe mata gefe ɗaya ranar da ta jiƙa shi da zamzam ta shanya a rufin bene. Da ya ɗaga yadin sai wani ƙulli ya faɗo ƙasa ya kwance, ɓawon nan huɗu suka watse a kan tayil.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. “Ta ci! Baba, ta ci! Guda huɗu, matattu, waɗanda ba sa rufewa!” Hausa da Larabci duk suka cakuɗe a bakina, na faɗi maganar mutumin, na faɗi cokalin shayi, na faɗi barcina a mota, na faɗi alkawarin da na yi mata. Na kare kaina da hannu ina jiran mari. Baba ya dubi ɓawon, ya dube ni, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce, “Tun shekaranjiya kin sani?” Na ce e. Ya ce, “Me ya hana ki faɗa?” Na ce, “Kai ka ce in kama bakina.” Ya ciro waya, ya kira likitan, na ji yana maimaita kalmar mahar sau uku, yana sauka matakala da gudu ba ko takalmi. Likkafanin yana nan a ƙasa inda ya yar da shi, Umma ta ɗauka ta ninke ta mayar.

A ranar aka canza wa Iya magani, aka shiga da ita aka yanke ruɓaɓɓen naman ƙafarta ta hagu. Likitan ya gaya wa Baba daga baya cewa da an jira sakamakon jini, da ba a same ta ba. Kwana huɗu ba a san inda za ta faɗa ba. A kwanakin nan ba na iya cin komai sai ruwa, in waya ta yi ƙara sai in ruga banɗaki in kulle. Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. A rana ta biyar Baba ya zo ya same ni ina shara a rufin bene, ya karɓi tsintsiyar ya jingine, ya zauna a ƙasa kusa da ni. Ya ce Iya ta buɗe ido ta nemi koko. Sannan ya ce, “Maganar da na gaya miki rannan, rabinta na faɗa. Ki yafe mini.” Ban taɓa jin babba ya ce wa yaro haka ba, na rasa inda zan sa idona.

Da aka kai ni gaishe ta na laɓe bayan Umma. Iya ta rame ta zama kamar ba ita ba, amma harshen yana nan. Ta yafito ni da yatsa, ta kama kunnena, wancan dai da ta kama a rufin bene. Ta ce, “Munafuka. Na ce kada ki faɗa, kika faɗa. Ga ni a Madina, ga likkafanina a wanke, saura ƙiris in kwanta a Baƙi'a kusa da Manzo, kika yi mini baƙin ciki.” Na fashe da kuka na kifa kai a cinyarta. Ta dafa kaina, a hankali ta ce, “Yi shiru. Gobe in kin ga zan faɗa rami, ki ja ni, ko da zagi ne.”

Ta koma Yawuri tana ɗingishi, da ɓawonta huɗu a bakin zane. Ta ƙara shekara tara a duniya, a can ta rasu, a can aka rufe ta cikin yadin nan. Da muka je ta'aziyya na shiga madafinta na ga ɗaya a kan katanga kusa da murhu, gefensa ya cinye ya yi santsi saboda kankarar tukunya. Na sa shi a jakata ban tambayi kowa ba.

Yanzu kawa har gida ake kawo ta cikin kwali mai sanyi, da 'yar takarda da ke bayanin wadda za a ci da wadda za a zubar. Ban sake kai ta bakina ba. Gidanmu na Aziziyya wasu ne a ciki, sun rufe rufin benen da kwano, ba a hura gawayi a can. Ina da 'ya 'yar shekara biyar mai baki kamar nawa, ta gyara mini, ta gyara wa Baba, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu. Rannan a gaban baƙi ta ce masa ya saka hularsa a karkace. Na ga matan sun dube ni suna jira in tsawata. Baba ya riga ni, ya gyara hular ya ce mata ya gode. Na tashi na shiga kicin kamar zan ɗauko wani abu, na tsaya gaban taga inda makankarin Iya yake, na daɗe ban fito ba.